Yadda Ake Jinyar Anemoni Mai Ciwo a Tankin Ruwan Gishiri na Gida

Wani dare a watan Afrilu, bayan sallar isha'i, ƙanena ya kira ni daga Unguwar Rimi a Kaduna muryarsa a karye, ya ce, "Yaya, furen nan ya mutu, bari in tsame shi in yar." Na tambaye shi ko ƙafarsa tana nan manne da dutse, ya ce tana nan. Na tambaye shi ko ruwan yana wari, ya ce babu. Na ce to ya fitar da hannunsa daga tankin, ya duba ma'aunin zafi. Ma'aunin ya nuna digiri 31, domin an ɗauke wuta tun azahar, ɗakin kuma a rufe yake. Dabbar da yake shirin jefawa a bola tana raye har yau, amma ta yi watanni huɗu kafin launinta ya komo. Abin da muka yi a wannan dare da makonnin da suka biyo baya shi nake so in shimfiɗa wa duk wanda ya wayi gari ya tarar da anemoninsa ya yamutse.

Anemoni, wanda wasu ke kira furen teku saboda kamanninsa, dabba ce daga dangin murjani. Ba shi da ƙashi kuma ba shi da ƙwaƙwalwa. Jikinsa ya ƙunshi ƙafa mai faɗi wadda yake mannewa da ita a kan dutse, da gangar jiki mai kama da buhu cike da ruwa, da faifan sama wanda yatsu masu harbi suka kewaye, sai baki guda ɗaya a tsakiya, wanda ta nan abinci yake shiga kuma ta nan kashi yake fita. A cikin tsokarsa akwai wasu ƙananan ƙwayoyin gansakuka da ake kira zuzanteli, waɗanda suke amfani da haske su sarrafa abinci su ciyar da mai masaukinsu, kuma su ne suke ba shi launin ƙasa-ƙasa da ake gani a jikin lafiyayye. Nau'in da ya fi yawa a hannun masu kiwo shi ne Entacmaea quadricolor, mai yatsun da kan kumbura a ƙarshe kamar 'yan ƙwallaye, kuma shi ne mafi juriya. Asalinsa daga Bahar Maliya ne da tekun Indiya da na Pasifik, inda zafin ruwa da gishirinsa ba sa yawan sauyawa, saboda haka duk wanda ya iso Kaduna ya sha doguwar tafiya a cikin leda, ya kuma shigo garin da zafi da sanyi da wutar lantarki ba sa tsayawa a hali ɗaya.

Aikin farko na mai jinya shi ne ya tabbatar cewa akwai ciwon. Lafiyayyen anemoni yakan fitar da ruwan jikinsa lokaci zuwa lokaci, ya yamutse kamar tsumma, yatsunsa su zama zare-zare, ya amayar da wani abu mai yauƙi mai launin ƙasa, sannan bayan awa ɗaya ko biyu ya sake cika ya miƙe kamar babu abin da ya faru. Wannan bahaya ne da sauya ruwan ciki, kuma sababbin masu kiwo da yawa sun hallaka dabbarsu a daidai wannan lokaci saboda sun firgita sun shiga taɓe-taɓe. Ana fara zargin ciwo ne idan yamutsewar ta zama sau da yawa a yini, ko ta ɗauki mafi yawan yinin, ko kuma kowace cikowa ta kasa kai girman ta jiya.

Bakin shi ne wurin da ya fi faɗin gaskiya. Na lafiyayye a tsuke yake kamar bakin jakar da aka ja wa zare. Idan ya saki ya wangale, ya zauna haka na awoyi, har ana hango wasu fararen zaruruwa masu murɗe-murɗe na kayan cikinsa suna leƙowa, al'amarin ya yi tsanani. Bayan baki sai ƙafa: wanda ya saki dutse yana gangarawa duk inda ruwa ya kai shi ya fi wanda ke manne shiga haɗari nesa ba kusa ba. Sai yatsu, waɗanda ya kamata su kama ɗan guntun abinci da zarar ya taɓa su; idan abinci yana zamewa a kansu kamar a kan roba, ƙarfin harbinsu ya tafi. Sai launi, domin anemoni da ya yi fari fat ko ya yi garau har ana ganin haske ta cikinsa ya rasa zuzantelinsa, wato ya rasa gonar da ke ciyar da shi. Ina roƙon mai saye ya kula da wannan tun a wurin ciniki, saboda nau'in Heteractis crispa sau da yawa ana sayar da shi fari mai ɗigon shuni a kan yatsu, mutane suna sha'awarsa suna zaton haka aka halicce shi, alhali kuwa majinyaci ne tun kafin a biya kuɗinsa.

Da zarar an tabbatar da ciwo, sai a juya wa dabbar baya a fuskanci ruwan. A ganina mafi yawan ciwon anemoni a tankin gida daga ruwa yake farawa, kuma mutumin da ya ce "ruwana lafiya lau yake" ba tare da ya auna ba, zato yake faɗa. Zafin da ake nema yana tsakanin digiri 25 da 27 a ma'aunin Salshiyas. Gishiri ya kasance giram 35 a kowane kilo na ruwa, wanda a ma'aunin nauyin ruwa yake nuna 1.025 zuwa 1.026, kuma kafin a gaskata ma'aunin gishirin a fara gwada shi da ruwan gwaji da aka san adadinsa, domin ma'aunin da ya karkace yakan sa mutum ya yi watanni yana gyara abin da ba shi da matsala. Amoniya, wato gubar da ke fitowa daga kashin dabbobi da ruɓaɓɓen abinci, da naitirait, wato gubar da bakteriya suke juya amoniya zuwa gare ta, su kasance sifili. Naitiret, wanda ya bambanta da naitirait domin shi ne abin da naitirait yake komawa daga baya, ya tsaya ƙasa da 10 a cikin miliyan, fosfet, wani sinadarin da ragowar abinci ke bari a ruwa, kuma kada ya wuce 0.1 a cikin miliyan, amma kada a matsa su su koma sifili, saboda zuzanteli suna bukatar ɗan kaɗan daga cikinsu. Ma'aunin pH, wanda ke auna tsamin ruwa, ya nuna 8.1 zuwa 8.4, ƙarfin ruwan na hana tsami, wanda ake aunawa da ma'aunin dKH, kuma ya zauna wajen 8 zuwa 9 ba tare da hawa da sauka ba. A rubuta duk sakamakon a littafi tare da kwanan wata da lokaci, a riƙa ɗaukar hoton dabbar da waya a lokaci guda kowace rana, domin ido yakan manta yadda abu yake shekaranjiya.

Idan aka samu abin da ya kauce, a gyara shi sannu a hankali, kuma abu ɗaya a lokaci guda. Gishirin da ya yi yawa ko ya yi kaɗan kada a matsar da shi fiye da 0.001 a yini. Idan amoniya ta bayyana, a sauya kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na ruwan da sabon haɗi wanda aka kaɗa da famfo tun jiya, wanda zafinsa da gishirinsa suka yi daidai da na tankin. Gishirin girki ko manda ba sa wannan aiki, sai gishirin da aka haɗa musamman domin tankin teku. Ruwan da za a haɗa da shi kuma ya fito daga na'urar tacewa ta RO, wadda ke cire abubuwan da suka narke a cikin ruwa, saboda ruwan famfo yana iya ɗauke da kulorin, ruwan burtsatse da na rijiya kuma suna iya ɗauke da ƙarfe da naitiret, ko da suna da daɗin sha.

Yanzu sai zafi, wanda shi ne babban abokin gabarmu a nan. Daga Maris zuwa farkon Mayu, kafin damina ta sauka sosai, zafin rana a Kaduna yakan haura digiri 35, ɗakin da ke ƙarƙashin kwano kuma yakan riƙe wannan zafi har tsakar dare. Ruwan da ya kai digiri 30 ya zauna a nan na kwanaki yana sa anemoni ya kori zuzantelinsa, kuma ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa kamar mai sanyi, ga shi kuma idan babu wuta famfunan da ke motsa shi sun tsaya. Wahala biyu ce ta haɗu a kan dabba ɗaya. A wancan dare abin da muka fara yi shi ne buɗe murfin tankin, muka jefa dutsen kumfa na famfon iska mai batir, sannan muka saita fanka mai caji tana busa saman ruwan. Ƙanena ya je wurin mai sayar da ƙanƙara ya sayo, muka zuba a gorar roba muka ɗaure bakinta tam, muka wanke bayanta, muka bar ta tana yawo a kusurwar da ke nesa da dabbar. Ba a jefa ƙanƙara tsirara a cikin tanki, domin za ta narke ta rage gishiri ta kuma shigo da abin da ke cikin ruwan da aka yi ta da shi. Ba a kuma gaggawar saukar da zafin. Digiri ɗaya a cikin awa biyu ko uku ya isa. Kafin asuba ma'auni ya dawo 28, washegari da yamma ya tsaya a 27.

Wanda ba shi da halin sayen na'urar sanyaya ruwa, fanka tana yi masa aiki sosai a lokacin bazara saboda iskar a bushe take, amma kuɗin da ake biya shi ne ƙafewar ruwa. Ruwa ne kaɗai yake tashi, gishiri yana nan, don haka abin da ya ragu ana cika shi da tataccen ruwa marar gishiri, kaɗan-kaɗan safe da yamma, a kan alamar da aka zana a jikin gilashi. Haka ma a lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, iska tana shan ruwan tanki fiye da yadda mutum yake zato, dare kuma yakan yi sanyin da ke bukatar hita mai kashe kanta idan ta kai adadin da aka saita. Ƙurar hunturu tana kwanciya a kan murfin gilashi da fuskar fitila ta rage haske ba tare da an lura ba, saboda haka a riƙa gogewa. Idan inbata ko sola ba za ta ɗauki komai ba, famfon da ke motsa ruwa shi ne na farko da za a jona, fitila ta biyo baya, domin anemoni yana iya jure kwana biyu babu haske amma ruwan da ya tsaya cik yana iya kashe shi a dare ɗaya.

Akwai guba da ke shigowa daga cikin gida wadda kayan awo na yau da kullum ba sa nunawa. Maganin sauro na feshi da na kunnawa yana cikin mafi muni, kuma a gidajenmu ana amfani da shi kusan kowane dare da damina. Ni na roƙi uwargida kada a fesa a falon da tanki yake, turaren wuta ma a kai shi ɗaki, ta kuwa amince da ta ga abin da ya faru a gidan ƙanena. Man shafawa da sabulu da turare da ke hannu su ma guba ne, don haka a wanke hannu da ruwa zalla har gwiwa, ko a sa doguwar safar hannu, wadda kuma take kare fata daga harbin yatsun. Mafi haɗari duka shi ne jan ƙarfe. Kan famfo na tagulla, ko guntun waya da ya faɗa ruwa, ko maganin ƙurajen kifi mai jan ƙarfe a ciki, kowanne yana iya kashe anemoni, kuma tankin da aka taɓa zuba irin wannan magani duwatsunsa suna riƙe shi. Idan ana zargin guba, a sa sabon gawayin tace ruwa na tanki a cikin jakar raga a inda ruwa yake wucewa, a kuma sauya ruwa sau biyu ko uku a jere cikin kwanaki.

Majinyacin anemoni yakan tashi daga inda yake ya shiga yawo yana neman wurin da ya fi masa, kuma a wannan yawo ne da yawa suke faɗawa bakin famfon kaɗa ruwa ya niƙe su. Tun a daren farko a rufe bakin kowane famfo da soso ko raga. Idan ya shige ƙarƙashin dutse ya ɓuya, a ƙyale shi, domin wanda ya rasa zuzanteli haske mai ƙarfi yana ƙona shi, kuma ya fi mu sanin inda zai iya zama. Kada a taɓa fizge shi daga dutse, saboda ƙafar da ta yage ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Idan tilas ne a ɗauke shi, a ɗauke shi tare da dutsensa. Idan a jikin gilashi yake, a riƙa ɗaga gefen ƙafar da tsokar yatsa a hankali, ko da za a yi minti ashirin. Motsin ruwan da yake so shi ne wanda ke kaɗa yatsunsa nan da can, ba wanda ke kwantar da su gefe ɗaya ba. Haske kuma a rage shi zuwa kusan rabin abin da aka saba, na awa takwas a yini, sannan a riƙa ƙarawa kaɗan kowane mako. Idan akwai kifin nan mai launin lemo da ratsin fari, wanda yara ke kira Nemo, yana birgima a kansa ba dare ba rana, a raba su da kwandon roba mai huji-huji, domin son da kifin yake masa yana hana ƙaramin majinyaci buɗewa.

Batun abinci yana bukatar natsuwa. Wanda ya yi fari amma bakinsa a tsuke yake kuma yana manne, abinci ne zai riƙe shi har zuzanteli su sake yaɗuwa. A ba shi ɗanyen jatan lande ko naman kifin teku, marar gishiri da kayan yaji, a yanka ƙanana ƙasa da ƙwayar wake, sau biyu ko uku a mako. Busasshen kirefish na miya da kifin banda ba su dace ba. A kashe famfo na minti goma sha biyar, a ɗora guntun a kan yatsun da ke kusa da baki da ɗan tsinke, a tsaya a kore kifaye kada su ƙwace. Na ƙanena a makon farko sai da ya yi kusan rabin awa kafin ya naɗe yatsa ɗaya ya kai guntun baki, muna durƙushe gaban gilashi muna kallo da tocila. A mako na shida kuwa yana kamawa kafin a janye tsinken. Idan ya amayar da abincin bayan awoyi, guntun ya yi girma ko cikin bai shirya ba, sai a tsame aman a jira kwana uku. Wanda bakinsa yake wangale kuwa kada a ba shi komai, domin abincin zai ruɓe a cikinsa ya ƙara masa ciwo. Alamar farfaɗowa ita ce ɗigo-ɗigon launin ƙasa da ke fara bayyana a yatsu kamar an yayyafa garin shayi, kuma daga nan zuwa cikakken launi ana iya yin wata uku zuwa shida.

Saura yanayi guda da ya fi ƙarfin gyaran ruwa. Sabon anemoni da ya sha doguwar tafiya, musamman nau'in Heteractis magnifica da Stichodactyla gigantea, yakan kamu da ƙwayoyin bakteriya, ya riƙa cika yana yamutsewa sau da yawa a yini da baki a sake, alhali duk awo ya fito daidai. Masu kiwon da suka daɗe a harkar suna jinyar irin wannan da maganin ciprofloxacin a wani ƙaramin tanki na daban, wanda babu yashi a ciki, sai hita da ɗan famfo a rufe da fitila. Abin da suka saba shi ne miligiram 250 a lita 38 na ruwa, ana zubawa da dare bayan an kashe fitila saboda haske yana lalata maganin, ana sauya ruwan gaba ɗaya kowace rana kafin a zuba sabo, har kwana bakwai ba tare da tsallake ko ɗaya ba, ko da dabbar ta nuna ta warware a rana ta uku. Ba a zuba shi a babban tanki, domin zai iya kashe bakteriya masu amfani da ke cinye amoniya. Wannan magani ne na mutane, kuma yin wasa da shi yana haifar da ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani, saboda haka ina ganin wajibi ne a nemi shawarar likitan dabbobi kafin a fara, a kuma shanya ruwan da aka sauya a bokiti cikin rana na kwanaki kafin a zubar. Ba ya warkar da farin da zafi ya jawo, ba ya kuma maye gurbin ruwa mai kyau.

Wani lokaci duk ƙoƙari ba ya hana ajali, kuma dole mai kiwo ya gane wannan da wuri saboda sauran abin da ke cikin tankin. Anemoni da ya mutu yana narkewa da sauri: jikinsa yana ɓarɓashewa idan aka busa masa ruwa da sirinji, ƙafa ta saki gaba ɗaya, kuma idan aka ɗaga shi zuwa saman ruwa warinsa ba ya barin shakka. Muddin tsokar tana haɗe kuma tana ɗan tsukewa idan ruwa ya taɓa ta, da sauran rai, sai a mai da shi kwando ko tankin jinya a ci gaba da lura. Idan kuwa ya fara narkewa, a kashe famfuna tukuna don kada su watsa shi, a zuƙe shi da tiyo zuwa bokiti maimakon a kama shi da raga, a sauya kashi 30 cikin ɗari na ruwan, a sa sabon gawayi, a kuma auna amoniya safe da yamma na kwana uku. Bayan haka kada a sayo wani sai an gano abin da ya kashe na farko, sai kuma tankin ya cika aƙalla wata shida da kafawa, kuma littafin awo ya nuna cewa ya ƙetare bazara guda ba tare da zafinsa ya wuce digiri 28 ba.